Rijiyar Ari

A shekarar yunwar Kakalaba, lokacin da tabkunan Damagaram suka ƙafe har ƙasa ta tsattsage, rijiyar garkar Ari ba ta ƙafe ba. Kakansa ne ya haƙa ta da ya zo daga Barno. Da ruwanta Gana, matarsa, take raya 'yar yakuwa da albasa, su suka riƙe ta ita da 'yarta Kolo.

Shi Ari Nasara suka kama don ɗaukar kaya zuwa Agadas, can ya rasu. Gawarsa ma ba a kawo ba, labari kawai aka kawo. Gana ta shiga takaba.

Tana cikin takabar mai shela ya zagaya Birni: Kumandan, babban Nasara na bariki, ya ce duk mai garka ya je ya tsaya a cikin garkarsa ranar Talata. Wadda aka tarar ba mai ita, ta zama ta bariki.

Gana ta ɗauki mayafi. Tsohuwa Lubabatu, maƙwabciyarta, ta tare ƙofa.

"Ina za ki, 'yar nan? Da takaba a kanki za ki tsaya gaban maza, mazan ma Nasara?"

"Iya, rijiyar fa?"

"Rijiyar Ari? Wa bai san ta ba? Tun zamanin sarakuna shaidar unguwa ke riƙe gona. Zauna, mu za mu je mu faɗa."

Gana ta daɗe a tsaye. Mutumin da bai sami likkafani ba, ita ma ta hana shi takaba? Ta ajiye mayafin.

Sun je kuwa, tsakani da Allah, tsofaffi har da liman. Tafinta ya saurare su ya ce magana ɗaya ce: ina mai ita? Suka ce ya rasu. Ina matar? Tana takaba. Kumandan ya tambaya ko takaba ciwo ce. Ka ji fa! Aka ce a'a. Shi ke nan, aka kafa turaku a garkar, ta zama ta bariki.

Ranar da ta fita takaba, Gana ta ja hannun Kolo suka nufi garka da tulu. An tuge yakuwar, an ɗaure dawakin soja a wurin. Wani soja yana ja musu ruwa da gugan Ari.

Ta zo da magana cike da baki, tun a gida take shirya ta. Sai Kolo ta ja mata zane, leɓenta duk ya fashe.

Sojan ya waiga ko Kumandan na kallo, ya cika wa Gana tulu da sauri.

"Karɓi, Inna, sadaka ce. Kada ki sake zuwa, an hana."

Gana ta dubi yarinyar tana shan ruwa a tafin hannu. Ta durƙusa ta ɗora tulun a ka.

"Allah ya saka da alheri," in ji ta.