Tagar 'Yar-wuta

Yayana Wendell ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran ruwan tafkunan ninkaya a gidajen mutane nan garin Bradenton, kuma ko da ya ajiye aikin, aikin bai ajiye shi ba. In ka ba shi ruwa a kofi, sai ya ɗaga shi wajen haske tukuna kafin ya kai baki. To irin wannan mutum in ya kafa tankin kifin teku a falonsa, ba sai an faɗa ba. Gilashi tas, ruwa garau, ka rantse a iska kifayen suke yawo. Gidana na jikin nasa, na kuma riga shi fara kiwon murjanin teku mai rai a tanki da daɗewa, amma duk ranar da ya leƙa nawa tankin sai ya yatsine fuska ya ce, "Dolores, wannan tanki ne ko tukunyar miya?"

Matarsa Maxine kuwa idanunta sun daɗe da fara tafiya. Likita ya ce tsakiyar ganin ne ke mutuwa, sai dai haƙuri. Fuskokinmu suka ɓace mata, kifayen Wendell masu shuɗi da rawaya suka koma dishi-dishi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta daina tambayar "mene ne wancan?", ita da a da ba a wuce komai ba ta tambaya ba.

Wata Asabar muka je shagon kifin ado mu uku. Ina can ina duba gishirin da ake zuba wa ruwan tanki, sai na ji muryar Maxine.

"Wendell, mene ne wancan mai ci kamar garwashi?"

Ta karkata kai gefe, hancinta ya kusa taɓa gilashi. 'Yar-wuta ce, halittar nan mai ɓawo biyu kamar an haɗa tafin hannu, cikinta ja zur, ga dogayen gashi jajaye suna lilo ta bakin ɓawon. Na buɗe baki zan ce kada a saya, don duk mai tanki ya san ba kasafai suke daɗewa a gida ba. Da na dubi fuskar yayana sai na ja bakina na yi shiru.

Ya kawo ta gida ya ajiye ta gaba-gaba a kan farin yashi, daidai inda kujerar Maxine take. Da gari ya waye babu ita. Haka halinta yake: ta tafa ɓawonta ta yi tsalle, ta tafa ta yi tsalle, har ta sami loko mai duhu a bayan duwatsu, ta saƙa 'yan zare ta ɗaure kanta a wurin. Wendell ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya ɓamɓaro ta ya mayar gaba. Maxine ta zauna da kofin gahawarta tana kallo tana murmushi. Washegari ta sake gudu, ya sake ɗaukowa. Abin ya zama aikin safiya, kafin ma ya ɗora buta a wuta.

Ban tanka ba sai ranar da na ga jan ya fara koɗewa. Gashin ya tsuke, in inuwa ta gitta ba ta rufe ɓawo da sauri kamar da. Maxine tana kicin tana yanka lemo da lalube, na ja shi gefe.

"Yaya, kashe ta kake yi."

"Ni? Je ki gwada ruwan nan. Ko a asibiti ba za ki samu irinsa ba."

"Ai shi ne matsalar. Ita ba ta da baki irin na kifi, ruwa take tacewa ta ci abin da ke ciki. Kai kuma injinka ya riga ta tacewa. Ka ajiye baƙuwa a ɗaki mai ƙyalli, ka hana ta abinci."

"To me zan ba ta?"

Na je gida na ɗauko kwalbar da ke firijina, koren ruwa mai kauri, cike da ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya rarrabewa. Na haɗo da bututun robar da muke kwarara wa gasasshen talotalo romo ranar bikin godiya na shekara-shekara. Ya dubi kwalbar, ya dube ni.

"Wannan ƙazantar na yi rayuwata ina yaƙa, yanzu ki ce in zuba da hannuna?"

"Ka kuma kashe injin tacewa har ta gama ci."

"Dolores, tun kina yarinya ba ki da tsabta."

Amma ya karɓa. Ya tsotso ruwan a bututu, ya fesa a hankali kusa da ita, yana runtse ido kamar shi ake wa allura. Ruwan ya yi gajimare kore, shi kuma ya fita baranda don ba zai iya kallo ba. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Da ya dawo na gaya masa ɗaya maganar, wadda ta fi wuya. Duk ɓamɓarowar da yake yi, zarenta yake tsinkewa, kuma da ɗan abin da ke jikinta take saƙa wani. Ko ya ciyar da ita, in bai bar ta inda ta zaɓa ba, ba za ta kai labari ba.

Ya yi ƙasa da murya. "In na bar ta a baya, Maxine me za ta kalla? Ita kaɗai take gani a gidan nan. Ni ma ba ta ganina."

Mun manta cewa wanda idonsa ya tafi kunnensa yana nan. Maxine ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Tsoho, ka ƙyale ta."

"Max, ba ki gane ba..."

"Na gane sarai. Ni ma na san yadda ake ji in an kama hannunka an kai ka inda ba ka ce ba, wai don ana sonka. Ka bar ta ta zauna inda take so."

A ranar 'yar-wuta ta tafa ta koma bayan duwatsu, can jikin gilashin baya wanda Wendell ya shafe da baƙin fenti, ba kuma wanda ya sake taɓa ta.

Ta farfaɗo kuwa. Nakan zura ɗan madubin likitan haƙori ta gefen dutse in hango ta, jan ya dawo, gashin ya miƙe. Ruwan Wendell ya daina ƙyalli, ya daina zagin tankina. Sai dai Maxine ba ta bar kujerarta ba. Kowace safiya za ta zauna da kofinta ta fuskanci tankin da ba ta ganin komai a ciki, ta ce, "Tana nan?" Shi kuma ya ce, "Tana nan." Na so a ce ban taɓa buɗe bakina ba, don abin ya riƙa ci mini rai. Mun ceci halittar, mun kuma karɓe wa baiwar Allah ɗan abin da ya rage mata.

Wata safiya ina shanya na ji ƙarar zarto daga gidansu, a hankali, ƙiii, a tsaya, ƙiii. Na shiga ta ƙofar baya na tarar da Wendell durƙushe a ɗakin wanki, wanda bangon allo ɗaya ne ya raba shi da bayan tankin da ke falo. Farar ƙura ta rufe masa gira. Yana yanka bangon gidansa, bangon da ko ƙusa bai taɓa yarda a kafa masa ba.

"Yaya, lafiyarka kuwa?"

"Rage murya, za ki firgita ta. Me kika ga ya sa na ɗauko zarton hannu, ba na lantarki ba?"

Ya cire guntun allon da ya yanka, faɗinsa bai wuce faranti ba. Bayan tankin ya bayyana, baƙi ƙirin. Ya ɗauki reza ya shiga kankare fentin kaɗan-kaɗan, har hasken tankin ya fara ratsowa. Ga ta nan, tazarar yatsa daga gilashi, a buɗe, tana tace miyarta hankali kwance. Ya riga ya yanko wani tsohon tawul da zai zama labule, don kada hasken ɗakin wanki ya kore ta.

Ya je falo ya kawo kujerarta, ya cusa ta tsakanin injin wanki da na busarwa. Bai kama hannun Maxine ba. Daga ƙofa ya tsaya ya ce, "Max, in kin ga dama, zo ki ga wani abu."

Ta zo da kanta tana bin bango. Ta zauna, ya kashe fitila, ya ɗage tawul. Ta karkata kai gefe, ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashin. Ta daɗe a haka, mu kuma muna tsaye a bayanta ba mai motsi.

"Ta fi da ja," in ji ta.

"Ta ƙoshi ne," na ce.

"Amma tsoho, kamar ruwan bai yi haske irin na da ba. Ko idona ne ya ƙara?"

Wendell ya share gira da bayan hannu.

"Ba idonki ba ne. Ruwan ne ya yi datti, kuma haka zai zauna."