Ƙusar Ɗan Haya

Tun da magajin mai gida ya ce kowa ya tashi, za a mai da ɗakunan shaguna, Malam ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ɗaure littattafai, ya kwance, ya leƙa tsakar gida, ya dawo. Komai ya shiga kwali, saura ƙusa guda a bayan ƙofa. Marigayiya matarsa ce ta kafa ta da dutse ranar da suka tare, a nan take rataye mayafinta. A karkace ta shiga, ta kuma hana shi gyarawa.

Tela, maƙwabcinsa, ya kawo masa gudumar da ya roƙa.

"Malam, kai da ka haɗiye littattafai, ina aka samo kalmar haya? Ni na ce daga hayaniya ne. Saurari gidan nan kawai. Uwar yara kuwa ta ce hayaƙi, wai ya shigo, ya sa ka hawaye, ya fice."

"Masana sun ce daga Turanci aka aro ta," in ji Malam, idonsa na kan ƙusar. "Ita ma haya take yi a bakinmu. Sai dai ita ba a taɓa ce mata ta tashi ba."

"To ɗan fa? Da furfurarka ana ce maka ɗan haya."

"Shi ne ɗan da ba ya cin gado."

Sai ga magajin da tarin makullai a hannu. Ya ga guduma, ya tsuke fuska.

"Baba, a yi haƙuri, abin da ke jikin bango na gida ne. Kada a ɓata filasta."

"Bangon da za ka rushe?"

"Ƙa'ida ce, Baba."

"Yaro, ƙusar nan ta girme ka. Kamata ya yi ka gaishe ta."

Tela ya ƙunshe dariya a hannun riga. Malam ya saƙala bakin guduma, ya ja. Ƙusa ta ƙi, taurin kai irin na mai ita. Ya ja da hannu biyu, sai ta fito da guntun filasta manne a jikinta.

Ya ɓamɓare filastar, ya zuba wa magajin a tafin hannu.

"Ga gadonka."

Ƙusar kuwa ya jefa a aljihu, ya sungumi kwali. Har bakin titi tana sukar cinyarsa. Bai gyara mata zama ba.