Kwanon Mai Gyaran Agogo

Uwar yara tana yanka kabeji kamar shi ya yi mata laifi. Ta riga ta mai da shi ƙanana har ya kusa kama da shinkafa, kamar yadda take yi kullum don idon mijinta ya ruɗu ko da cikinsa bai ruɗu ba, amma wuƙar ba ta daina sauka a kan katako ba.

Mijin nata, Mai Agogo, yana zaune a bakin ƙofar kicin, ya danne yatsarsa da auduga. 'Yar na'urar gwajin suga tana kan gwiwarsa a kife.

"Juyo ta in gani," in ji ta.

"Ai na gani."

"Ni ban gani ba."

Ya juyo ta. Ta leƙa, ta ajiye wuƙar a hankali, ta goge hannu a zaninta.

"Malam, tun ranar da likita ya yi magana, ka taɓa ganin shinkafa a kwanonka? Ko burodi, ko taliya, ko dankali? Shayinka ko ƙanshin sukari ban bari ya ji ba. Yaran nan suna cin shinkafa da mai, suna kallon kifi yana wucewa ta gabansu ya shiga kwanonka, ba wanda ya ce uffan, don sun san Baba ne ba shi da lafiya. To sugan nan daga ina yake zuwa? Ruwan sama ake yi maka da shi?"

"Wataƙila na'urar ce."

"Na'urar da kai ka sa mata batir da hannunka?"

Ya sake kife na'urar a kan gwiwarsa. Likita ya ce sugan ya fara taɓa masa ido, wasu 'yan jijiyoyi can baya da ba a ganinsu sai da fitila. Ya ce ya sha maganinsa, ya rage duk abin da ke da sitaci, ya riƙe ganye da ƙwai da kifi, in ya so a ga ko abin zai tsaya inda yake. Tun daga ranar, in Mai Agogo ya rufe ido sai ya ga tururuwa a jere suna ɗauke da ƙwayoyin sukari, suna hawa ta wuyansa zuwa bayan idonsa, kowace tana gaishe da 'yar'uwarta a hanya.

"Faɗa mini gaskiya. Burodi kake saye a tasha?"

"Ba burodi ba ne. Faranti ne."

Ta san farantin. Tun kafin a haifi babbar 'yarsu, mutum huɗu ne suke cin abincin rana tare a layin shagunan: shi, da Tela, da Dogo mai walda, da Kawu mai gyaran takalma. Kowa ya kawo abin da aka ba shi daga gida, a juye a babban faranti ɗaya a ƙarƙashin rumfar Kawu, a sa hannu. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ke faruwa da kwanonsa in ya isa can. Su ukun nan shinkafa suke kawowa, ko taliya, ko dankali. Nasa kuwa kifi ne da ƙwai da ganye. Da ya buɗe sai Dogo ya ce mahaɗi ya iso, ya juye shi a saman tulin. Kafin ya gama wanke hannu, kifin ya tafi. Shi kuma yunwa ba ta san likita ba, sai ya ci abin da ya rage.

Da ya gama gaya mata, uwar yara ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"Wato Dogo nake tashi tun gari bai waye ba ina soya wa kifi."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Na hana 'ya'yana, na ba Dogo. Shi ya sa rannan da na wuce ya gaishe ni har da rusunawa, fuskarsa tana ƙyalli. Ashe kifina ne yake gaishe ni." Ta miƙe, ta zuba kabejin a kasko, man ya yi ƙara. "Ka gaya musu ba ka da lafiya. Mene ne abin wahala a ciki?"

"In gaya wa Tela? Mutumin da bakinsa ya fi kekensa gudu? Kafin la'asar layin nan kaf ya ji cewa Mai Agogo ya makance. Waya ta riga ta kwashe mini rabin mutane, kowa a aljihunsa yake duba lokaci. 'Yan kaɗan da suka rage, wa zai miƙa agogon ubansa ga mai gyaran da aka ce ba ya gani?"

"To in ka ci gaba da cin shinkafarsu, ba sai an ce ba. Da gaske zai zama."

Ta fasa ƙwai a kan kabejin, ta watsa albasa da tattasai, ta juya. Ta ɗora soyayyen kifi a gefe, da alayyafo, da kokwamba yankakke, ta ƙulle masa 'yar gyaɗa a leda don yamma. Ta ɗaure kwanon a ƙyalle, ta ja ƙullin tamau.

"Yau cikinka kaɗai. In na ji wani abu daban, ni da kaina zan zo layin, kuma ni ba na jin kunyar Tela."

A cikin bas ya rungume kwanon a ƙirji. Ƙanshin kifin ya cika motar, wata mata a gefensa tana ta kallon ƙyallen, har sai da ya ji kamar abin sata ya ɗauko.

Shagonsa bai fi faɗin gado ba. Akwai tebur mai gilashi, da fitila, da agoguna a bango kowane da lokacin da ya ga dama. Akwai wani tsohon agogon tebur da ba ya aiki sai an kifa shi a kan fuskarsa. Mai shi ya kawo gyara bai sake dawowa ba. Yana nan a kife yana tafiya daidai, ba mai iya ganin ƙarfe nawa. Mai Agogo ya fi son sa a kan duk sauran.

Ya maƙala gilashin ido ɗaya, ya buɗe bayan wani agogon hannu na mata. Ya kai hantsaki zai kamo ɗan noti, sai notin ya zama biyu. Ya kai wa na dama, ashe na hagu ne na gaskiya. Notin ya faɗi a kan tebur ya gangara. Ya daɗe yana shafa katako da tafin hannu kafin ya ji shi a ƙarƙashin yatsa. A da, ko a ƙasa noti ya faɗi, kafin ya gama birgima ya gan shi.

Haushi ya fara taso masa, ya rasa wa zai ɗora wa. Ya ɗora wa likita, ya sauke. Ya ɗora wa shinkafa, wadda ya ci tun yana yaro ba ta taɓa nuna masa tana da wata manufa ba. Daga ƙarshe ya ɗora wa Dogo, a nan ya zauna daram.

Da rana ta take, Kawu ya buga guduma a jikin ƙarfen rumfarsa, alamar abinci. Mai Agogo ya ɗauki kwanon ya fita.

Sun riga sun juye nasu. Shinkafa fara a gefe ɗaya, taliya da ɗan jan mai a ɗaya gefen, dafaffen dankali a tsakiya. Dogo ya ɗaga baƙin gilashin waldarsa zuwa goshi, yana murza hannu.

"Ga mai gayya ya iso. Kawo, kawo, yau me uwar gida ta yi mana?"

Mai Agogo ya zauna a kan bencin, ya ɗora kwanon a cinyarsa, ya kwance ƙullin da kyar. Dogo ya miƙo hannu. Ya janye.

"Yau ni kaɗai zan ci nawa."

Tela ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Ka ji mutum. To mu ci me, farin nan haka tsirara?"

"Ku ci abin da kuka kawo."

Dariyar ta tsaya. Kawu, wanda ya girme su duka, ya cire ƙusar da ke bakinsa ya ajiye.

"Ƙanena, lafiya? An yi maka wani abu ne?"

"Ba a yi mini komai ba, Kawu. Abincina ne, ina so in ci."

"Abincinka," in ji Dogo. "Wannan ai ba abinci ba ne, abin cin abinci ne. Wa ya taɓa zama ya ci kifi da ƙwai zalla kamar mage? Mu mun kawo ƙasa, kai ka kawo sama, a haɗa. Me ya fi wannan adalci?"

"Adalci?" in ji Mai Agogo. "Kai kake maganar adalci? Kai da kake rufe ido in kana tauna don kada ka ga wanda ka zalunta? Tun yaushe rabon da in ɗanɗani tsokar kifin nan? Kan kifin nake samu, kan ma an tsotse idon. Matata tana tashi tun duhu bai gama washewa ba, tana tsaye a kan wuta, hayaƙi yana cin idonta, kai kuma ka zo ka ce mahaɗi."

"Idona walda ce ta sa nake rufewa."

"Waldar ba ta hana hannunka gani ba."

Tela ya gyara zama, tef ɗin awo yana lilo a wuyansa. "Tsaya, tsaya. Lokacin da matarka ta haihu, wata nawa ka yi kana zuwa da kwano wayam? Wa ya ce maka nasa ne? Lokacin da ɓarayi suka fasa maka shago fa? Shinkafar nan da kake harara yau, ita ta riƙe ka. Yanzu Allah ya buɗa maka, kullum kifi, kullum ƙwai, sai muka zama masu kwaɗayi."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta fi zagin Dogo zafi. Kawu yana kallonsa, ba da fushi ba.

"Faɗi dalili, ƙanena. Ko mene ne, mu ji. Mutum ba ya tashi rana ɗaya ya janye kwanonsa haka kawai."

Maganar tana bakinsa. Kalma biyu ce, uku. Ya dubi Kawu, ya ga zai iya gaya masa. Sai ya dubi Tela, wanda ya riga ya karkato kunne, ga wata mata a ƙofar shagonsa tana jiran ɗinki tana saurare, ga mai sayar da ruwa ya tsaya da kurarsa. Ya tuna ɗan notin da ya zama biyu.

"Ba dalili," in ji shi. "Haka nake so."

Ya rufe kwanon ya miƙe.

"Allah ya ƙara arziki," in ji Tela a bayansa. "A ci lafiya, Alhaji."

Ya shiga shago ya saki labule rabi. Ya ci kabejin, ya ci ƙwan, ya ci kifin har tsokar da ke kusa da ƙaya. Uwar yara ta iya girki, ya manta da haka. Rabon da ya ƙoshi ba tare da nauyin nan da ke sa shi gyangyaɗi ba har ya manta. Amma kowace loma sai da ya kora ta da ruwa. Ta ƙasan labulen yana hango ƙafafunsu. Da farko sun bar gurbinsa a kan benci. Can sai Dogo ya matsa, Tela ya matsa, wurin ya rufe.

Kafin la'asar labari ya zaga layin. Yana jin muryar Tela tana tashi tana sauka tare da kekensa: Mai Agogo ya samu duniya, ba ya cin abin talakawa, kifi da ƙwai kullum, a bayan labule. Mai sayar da ruwa ya wuce bai gaishe shi ba. Kawu ya wuce zuwa famfo ya dawo, idonsa a ƙasa.

Yamma ta fara yi sai ga wani dattijo da jaka a hannu, ya yi sallama. Ya ciro agogon aljihu mai sarƙa, naɗe a hankici.

"Kai ne Mai Agogo? Na kai wando wurin telan can, na tambaye shi wa zai iya da wannan. Na mahaifina ne, mutum biyu sun gwada sun kasa."

"Shi ya turo ka?"

"Ina fa. Zaginka ya yi ta yi. Ya ce kai marowaci ne, kifi kake ci kullum kai kaɗai." Dattijon ya yi murmushi, ya ajiye agogon a kan gilashi. "Sai na ce a raina, a wannan zamanin, mai gyaran agogon da yake cin kifi kullum, lallai ya san aikinsa."

Mai Agogo ya kunna fitila, ya maƙala gilashinsa, ya buɗe bayan agogon. Ƙananan tayoyin ƙarfe masu haƙora suka yi iyo a gabansa, kowace da inuwarta. Ya riƙe hantsakin a sama, yana jira su tsaya wuri ɗaya.

"Ka dawo jibi," in ji shi. "Irin wannan ba a yi masa gaggawa."