Gumin Malam a Bakin Wuta

Ranar da sufeton makarantu ya shigo ajina, na ci alwashin sai na burge shi. Na zana ƙwayar zarra a allo, da'ira cikin da'ira kamar an yanka albasa.

Na ce wa ɗalibai, "Idan zafi ya taɓa ilektiron, ɗan ƙwayar da ke zagaya da'irar nan, sai ya haye matakin sama. In ya sauko, ya saki haske. Kowane sinadari da launinsa."

Na kunna wutar gwaji, na murza bakin wata siririyar wayar ƙarfe da yatsu wai ina goge ta, na tsoma a garin tagulla, na yi alkawarin kore, na kai ta bakin wutar. Wuta ta ba da rawaya. Na sake murzawa, na canza sinadari, na yi alkawarin ja. Rawaya dai. Gumi kuwa sai karyo mini yake yi.

Wata ɗaliba da kullum nake yi wa faɗan surutu ta ɗaga hannu. "Malam, ba kai ka ce gishiri rawaya yake bayarwa ba? Ai gumi gishiri ne."

Na wanke hannu, na ɗauko sabuwar waya. Kore ya tashi shar.

Da zai fita, sufeto ya ce, "Malam, aƙalla mutum ɗaya na sauraron darasinka."

Na yi masa godiya har da rusunawa.