Labarin Mai Itace

Ina tsakar wanki maigidana ya shigo da yaran, ƙarfe goma na safe, kowa da jakar makarantarsa a baya. Auta tana ta kuka an raba ta da ajinsu.

"Baban Auta, lafiya?"

"Mai gyaran takalmi ya ce ya ga wata baƙuwar mota sau biyu a bakin makaranta."

"Wannan tsohon? Da ko zare sai an zura masa a allura?"

Bai yi dariya ba. Ya rufe ƙofa, ya danna sakata, ya ja kujera ya zauna a jikin taga.

Karo na huɗu ke nan tun da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Shekara guda ya yi a can, a sashen leƙen asirin da sojojinmu suka tura. Mutumin da na raka filin jirgi, ko gobara ka ce masa ana yi sai ya tambaye ka wa ya gani da idonsa. Wanda ya dawo mini kuwa, duk maganar da ya tsinta a hanya sai ya kwaso ta ya juye mana a gida. An ba shi lambar yabo da hutun sati biyu, aka ce ya koma bakin aiki. Ba wanda ya tambaye shi me ya gano.

* * *

Da la'asar ina goge masa kaki ya fara magana, idonsa a kan dutsen gugar.

"A aikinmu, duk labarin da aka kawo sai ka ba shi maki. Ka auna mai maganar, ka auna maganar. Labarin bakin mutum ɗaya ba ya hawa teburin kwamanda sai an sami na biyu."

Na tsayar da dutsen a kan rigar, ina tsoron in motsa ya fasa.

"Akwai wata mata da ke kawo mana itace sansani. Ran nan ta ja mai yi mana tafinta gefe, ta ce wasu baƙi sun saye fetur ɗin kasuwa kaf, suna tambayar hanyar bayan ƙauyensu. Na rubuta: ba a san majiya ba, ba a tabbatar da labari ba. Na sa a ƙasan fayil. Ban karya doka ko ɗaya ba, Maman Auta."

"Sai aka yi yaya?"

"Kwana uku aka kai musu hari. Mu muka fara shiga ƙauyen. Da igiyar itacenta na gane gawarta."

Ƙaurin ƙuna ne ya dawo da ni, na ɗaga dutsen daga aljihun rigar.

"Kada ki faɗa wa kowa," in ji shi. "Ko likita. A sashenmu, duk wanda aka ji ya shiga ɗakin likitan ƙwaƙwalwa, shi da taɓa fayil har abada. Kuma ni ban iya komai ba sai wannan aikin."

Na yi masa alkawari. Wallahi da zuciya ɗaya na yi.

* * *

Sati uku na riƙe. Ranar da ya hana Auta zuwa jarrabawa, na saka mayafi na nufi asibitin bariki. Likitan mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya miƙo mini ruwa, ya ce in kwantar da hankalina. Ni kuwa na buɗe baki kamar an kunna famfo. Yana ji yana rubutawa. Ni da na shekara sha huɗu a bariki, sai na manta cewa a ƙarƙashin farar rigar nan kaki ne, kuma shi ma yana da na gaba da shi.

Ba a rufa kwana goma ba aka karɓe katin shiga ofishin Baban Auta. Maganin da na je nema kuwa, takarda aka ba mu, wai ya dawo ganin ƙwararre bayan wata biyar. Aka mayar da shi gadin ƙofar bariki.

Bai taɓa tambayata ba. Ina amfanin tambaya, ga mutumin da sana'arsa ke nan gano bakin da magana ta fito? Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, yaran suna zuwa makaranta kullum. Ya daina kawo mana labarin kowa, har da nasa. Na yi nadama, kuma har yau ban san abin da ya kamata in yi ba in ban da wanda na yi.

Jiya na dawo daga kasuwa a tasi, muka tarar da shi a ƙofar bariki, rana ta dake shi har wuyan rigarsa ya jiƙe. Ya leƙo ta taga.

"Katin shaida, Malama."

Na ɗauka wasa ne, na yi murmushi. Hannunsa na nan a miƙe. Na lalubo katin a jaka na ba shi. Ya dubi hoton, ya dubi fuskata, ya sake duban hoton.

"Wajen wa za ki?"

Direba ya juyo yana jiran in amsa. Motocin bayanmu suka fara danna oda.