Takun Marka

Zulaiha ba ta taɓa shiga fagen rawa ba. Shan-inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye, don haka idan 'yan matan garinsu Kara suka yi da'ira da la'asar ranar kasuwa, ita gindin tsamiya take zama. A nan ta koyi kallo. Ta san wadda ke bin kalangu, ta kuma san wadda kalangu ke bi. Da aka kai ta makaranta Gwarzo sai ta fara rubuta abin da idonta ya gani. Ta zama malama, ta yi ritaya, ba ta daina ba. Ko biki ko suna, mata na rububin tuwo, ita tana gefe da biro.

Sunan da ya fi yawa a tsofaffin littattafanta shi ne Marka, wata 'yar Fulani mai kawo nono kasuwa. Da ta sayar sai ta kife ƙwarya, ta ɗaure gyale a ƙugu, mahauta ma su bar rumfa su zo kallo.

Bara bayan girbi Zulaiha ta ji a wajen wani suna cewa Marka na nan da rai a Kabo, gidan ɗanta Ja'afaru, sai dai ido ya yi rauni. Rabonsu da juna ya haura shekara arba'in. Washegari ta ɗauki littafi ɗaya ta hau mota.

Ta iske ta kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, surukarta Badi'a na tankaɗe a gefe. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiyar hanya, Marka ba ta gane ta ba.

"Zulai ce, ta gindin tsamiya."

Marka ta saki gyaɗar. "Zulai mai ido! Ashe kina duniya?"

Bayan an sha fura Zulaiha ta buɗe littafin ta karanta mata: yadda take shigowa fage kamar ba ta so, yadda kafaɗa ke fara motsi kafin ƙafa, yadda take juyi awarwaro na kuka amma kanta ko gezau.

Badi'a ta ajiye rariya. "Inna, wai ke ake nufi?"

"Ke dai yi tankaɗenki," in ji Marka. Ta juyo wajen Zulaiha. "Amma kin yi kuskure. Kin ce da dama nake farawa. Ni da hagu nake farawa."

"Da dama na gani."

"Kina gabana ne, shi ya sa. Kama ni, Badi'a."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa turmi. Ta yi kiɗan da bakinta a hankali, kafaɗa ta motsa, ta ɗaga hagu. Taku huɗu ta yi, numfashi ya gaza, ta zauna tana dariya tana share ido da bakin zane.

"Ina Sajo mai kalangu?" Marka ta tambaya.

"Ya rasu tuni."

"Abokan rawata fa, Indo da Asiya?"

"Duk sun riga mu."

Marka ta yi musu addu'a, sannan ta ce, "Su ma kin rubuta su?"

"Kowa na da shafinsa."

"To ki kawo min su."

Tun daga ranar, duk Alhamis Zulaiha na Kabo da littafi a jaka. Tana karantawa, Marka na gyara, wani lokacin su yi musu har Ja'afaru ya dawo daga gona ya raba su. Matan maƙwabta suka fara leƙowa da kujerunsu, har wata tsohuwa ta ce ita ma ta san Indo, ƙanwar mijinta ce.