Jirgin Ruwan Garejin Aghali

Ranar Talata, sha uku ga Agusta, 2024, ƙarfe goma da kwata na safe — da kwata, ba da rabi ba, Malam Zakariya'u ba ya wasa da agogo — ranar aka soma cin mutuncinsa. Yau kwana tara. Yana zaune a gindin bishiyar bedi, takarda bisa gwiwa, motocin ma'aikatan ma'adini na wucewa, layi ɗaya kawai ya rubuta... "Zuwa ga Aghali, tsohon ɗalibina." Ɗalibi? Wanda ya maimaita aji huɗu har sau biyu?

Jirgin ruwa a Arlit. To, laifi ne? Shekara talatin da huɗu yana zana kogi da alli wa yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na randa ba. Yanzu ya ajiye aiki, zai koma gida Tabalak, bakin tabki, ya kama kifi, ya huta. Ga farin jirgi mai inji a garejin Aghali, wani injiniya ya tafi ya bari, kaji na ƙwai a ciki... wa zai gani bai ce rabo ne ya kira shi ba?

Kuma bai yi gaggawa ba. A rubuta wannan. Sai da ya ɗauko Hamadi, makanikin da duk direban sahara ke yabon hannunsa. Hamadi ya kwance murfin inji, ya hura, ya shafa da yatsa, ya ɗaga wa rana. "Malam, ko ƙwayar rairayi babu. Injin nan bai taɓa shan wuya ba." Rairayi. Dattawa da gemu sun duƙa a kan jirgin ruwa suna neman rairayi, don shi ke kashe inji a garin nan, ba wanda ya ce a nemi sawun ruwa. Shi ma kansa — a'a. Shi ba makaniki ba ne. Wannan ba za ta shiga takarda ba.

Ya je majalisar shayi ya sanar. Har alkawarin busasshen kifi ya yi wa kowa...

Sai Talatar. An taru za a ɗora jirgin a babbar mota, aka karkata shi, sai ga busasshiyar laka na zubowa daga ƙarƙashin katako, da 'yan katantanwa suna gangarawa a kan siminti. Katantanwa a Arlit? Sannan ne Aghali ya tuna. Wai e, jirgin ya ɗan nutse a kogi wajen Yamai. Ya ɗan kwana. Kwana nawa? Sha shida. An ciro shi, an wanke injin fes. Da Aghali ya tsaya nan ma da sauƙi, sai ya washe baki a gaban mutum ashirin: "Ranka ya daɗe, raƙumin da ya taɓa faɗawa rijiya ai ya fi daraja, ya riga ya san bakinta." Dariyar nan... har da Hamadi. Yanzu 'yan kabu-kabu in sun hango shi sai su sara masa, wai Kyaftin.

A saya, ko a bari? Tsatsa tana can cikin wayoyi inda ido ba ya kaiwa, wannan ko yaro ya sani. Inji zai tashi lafiya a bakin gaɓa, ya mutu a tsakiyar tabki. Amma gangar jikin ba tsaga ko ɗaya, ya ƙwanƙwasa da kansa. In inji ya ƙi, ba ga filafili ba? Mutum mai shekara sittin da uku, da ciwon kafaɗa...

Radiyya, matarsa, ta ajiye masa fura jiya, ba ta ko dube shi ba. "Malam, ka iya iyo?" Wace irin tambaya ce wannan? Tambayar mace ga mijinta? Yana yaro a Tabalak, ruwa iya gwiwa, sanyin laka tsakanin yatsu, inna ta damƙe masa riga ta baya, sa'o'insa suna tsalle daga kwale-kwale suna kiransa — shekarar aka kai shi lakwal, makarantar boko, aka ba shi allo da alli. Bai taɓa shiga jirgi ba. Ko sau ɗaya. Zanawa kawai yake yi.

Ga shi yau da safe an ce wani makiyayi daga Gougaram ya taya. Zai riƙa shayar da raƙuma a ciki. Jirgi guda, da sitiyarinsa, ya koma kwamin dabbobi... a zuba masa ruwa ta ciki, raƙumi na dalala miyau inda ya kamata shi ya zauna. Me ya dame shi? Ba nasa ba ne. Ba ya so. To me ya sa fura ta ƙi wuce masa?

Yana danna biro har takarda na hujewa, yana jera sharuɗɗansa. Aghali ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, gaban majalisa, a tsaye, ba murmushi, ya faɗi kwanakin nan sha shida da bakinsa, ya ba Malam Zakariya'u haƙuri yadda na can baya zai ji. Hamadi ma ya zo. Kuma kafin nan... kafin nan kada ya kuskura ya sayar wa kowa.